Lissafin Ziya'u

Aji uku, ɗakin da ke kallon layin dogo a Rigasa,
inda jirgi in ya wuce, allo ke rawa, alli ya zubo.
Yara arba'in da bakwai gare ni a rajista.
Guda ɗaya ne ke bina gida, ya hana ni barci.

Ziya'u na zama a ƙarshen benci,
ba ya yarda ya ba ƙofa baya.
Murfin biro ya faɗi, ya zabura.
Na ɗaga hannu zan gyara ɗankwali,
ya tare kansa da gwiwar hannu,
ni da ban taɓa ko zungurarsa ba.

Ran Talata na rubuta: goma, a cire uku.
Kafin in juyo ya ce, "Bakwai, Malama.
Amma ba za su kai Juma'a ba."
Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba.
Ni lemo nake nufi.
Shi katin ƙwaya yake gani, goma a jere,
wanda babansa ke cusawa ƙarƙashin kujerar Keke.

Shekararsa takwas,
ya haddace karatun da ba ni na biya masa ba.
Yana gane Keken tun daga bakin layi:
in ta shigo a hankali, yau za a ci tuwo a zaune;
in ta shigo tana faɗa wa kwata,
sai ya ja Sahura su maƙale bayan durom.
Ya san jan idon gajiya, ya san jan idon bala'i.
Ya san daren da Baba zai zo da tsire,
ya cilla su sama, ya yi ta zuba har asuba.
Ya kuma san washegarinsa.

Makon jiya ya gartsa wa Nafi'u cizo a kafaɗa,
don ya kira shi ɗan mashayi.
Hedimasta ya ce a turo uban.
Uwar ce ta zo, mayafi har gira,
tana ba da haƙuri kamar haƙoranta ne suka yi aikin.
A ƙofa ta rage murya:
fitsarin kwance ya dawo masa,
shi ke tashi ya wanke tabarmar kafin kiran salla,
ya shanya ta inda ba mai gani.

An ce ɗan kuka ke ja wa uwarsa jifa.
Ban ji karin maganar da aka yi wa uba
mai ja wa ɗansa ba.

Jiya bayan an tashi ya ƙi tafiya.
Ya zaro ƙullin takarda daga cikin safa,
shafin da na ba shi maki goma ne ya yaga.
Ƙwaya huɗu.
"Ki ajiye. In babu, ba zai sha ba."
Ya yi shiru, leɓensa na motsi, yana lissafi.
Sai ya ɗauke biyu ya mayar safa.
"Waɗannan na daren yau ne,
kada ya nema ya rasa, ya huce a kan Umma."

Huɗu, a cire biyu.
Ban taɓa tsanar amsa daidai kamar wannan ba.

A takardar sakamako akwai gurbin hali.
Me zan sa? Mai faɗa? Mai barci a aji?
Ko in rubuta: wannan yaro shi ne babba a gidansu?

Na ƙulle biyun a bakin mayafi.
Na san wata nas a asibitin Barnawa,
na san ƙofar mai unguwa,
ban san wadda zan fara bugawa ba.
Jirgin yamma ya yi kuka, yaron ya ƙara sauri.
Na bi shi daga nesa,
yana tafe yana waiwaye, kunnensa na kan titi.